Yadda ake haɗa kala a yi wa tukunyar fure fentin da zai jure zafin Sakkwato

Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne ke lalata fentin tukunyar fure. Jikin tukunyar ƙasa cike yake da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu ya bushe a waje. In aka shafa fenti a bayan tukunya aka bar cikinta haka nan, duk ban-ruwan da aka yi sai damshi ya ratso ya taru ƙarƙashin fentin, ya kumbura shi, ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sai a ɗora wa mai shago laifi, alhali ta ciki ɓarnar ta fito. Don haka ta ciki aikin yake farawa.

Wajen masu tukwane, a ƙwanƙwasa tukunyar da ɗan yatsa kafin a biya. Wadda ta gasu sosai tana amsawa da ƙara mai kaifi. Wadda ta yi dum-dum, ko ta tsage ne ko wuta ba ta ratsa ta ba, kuma ba za ta kai ƙarshen damina ba. In ba ta da huda a gindi, a jiƙa gindin minti 30, a kife ta bisa yashi, a huda a hankali da ƙusar kankare har ramin ya kai faɗin ƙaramin yatsa.

A wanke ta da ruwa zalla da buroshi, ban da sabulu, domin ƙasa na tsotse shi ya hana fenti kamawa. Tsohuwar tukunya mai farin dabbare-dabbare kamar kanwa, gishirin ruwa da na taki ne ya fito: a jiƙa ta rabin awa a ruwan kal, kofi 1 cikin kofi 4 na ruwa, a goge, a ɗauraye. Daga nan sai shanya, kwana 2 in da bazara ne, kwana 4 zuwa 5 in da damina. Ido na ruɗar mutum a nan, don tukunya kan bushe a sama cikinta da danshi. A naɗe gefenta da farar leda a ajiye a rana awa 2. In ledar ta yi gumi, da saura. Bayan ta bushe a bi ta da sanfefa mai lamba 120, musamman tukwanen da aka goge suka yi santsi da sheƙi, a share ƙurar da tsumma.

Cikin tukunyar ake fara toshewa da banish ko fentin mai, shafi 2, kwana guda tsakaninsu, tun daga gindi har leɓe. Gam ɗin kafintoci irin Top Bond da wasu ke tsinkawa su shafa yana da amfani a bango, amma a cikin tukunyar da za ta riƙa kwana da jiƙaƙƙiyar ƙasa laushi yake yi ya saki. Wanda zai shuka abin ci, na'ana'a ko ɗoɗɗoya, gara ya shuka a bokitin roba mai huda ya zura shi cikin tukunyar, ƙasa ba ta taɓa fenti ba ke nan. Dalili kuwa, wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da dalma, kuma mutanen wannan yanki sun san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Kada a goge tsohon fentin mai da sanfefa a inda yara ke wasa.

A waje kuwa fentin ruwa ya fi dacewa, akirilik ko fentin bango na waje, don yana ɗan barin ƙasa ta yi numfashi kuma rana ba ta saurin fasa shi. Ba a haɗa fentin ruwa da na mai a gwangwani ɗaya, guda-guda zai yi kamar nonon da ya tsinke. Shafin farko fari ne, a tsinka shi, kashi 3 fenti kashi 1 ruwa, ya shige jikin ƙasa. In aka tsallake wannan, jan tukunyar zai shanye kalar, rawaya ta koma kamar ruwan kwata.

Kala biyar kawai ake saye: fari, ja, rawaya, shuɗi da baƙi, farin ya ninka sauran domin shi ke saurin ƙarewa. Tukunya mai tsawon santimita 25 da faɗin baki kamar haka tana cin kusan babban cokali 2 a kowane shafi. A haɗa cokali 8 lokaci guda ko da zai yi saura, domin in kala ta ƙare ana tsakiyar aiki, da wuya a sake dacewa da ita daidai. Ma'auni ɗaya za a riƙe har a gama, murfin gorar ruwa ko sirinji marar allura, kuma a rubuta adadin a jikin gwangwanin.

Kullum mai haske ake fara zubawa, a riƙa ɗiga mai duhu a kai ana juyawa. Wanda ya fara da shuɗi yana neman sararin samaniya zai ƙarar da farinsa bai kai ba. Ruwan hoda: fari 8, ja 1. Ruwan goro: rawaya 4, ja 1. Kore: rawaya 3, shuɗi 1, in ana son na ɗanyen ganye a ƙara rawaya. Ruwan toka: fari 10, baƙi 1. Ruwan madara: fari 20, rawaya 1, da ɗigon ja a bakin tsinken ashana. Ruwan ƙasa: ja 2, rawaya 2, shuɗi 1. Waɗannan mafari ne, don ƙarfin kala ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Akwai kala biyu da suka fi zama da gidajenmu. Ɗaya jan fatar da dukawan Sakkwato suka shahara da ita, ana samun kusa da shi da ja 5, rawaya 1, da ɗigon baƙi guda. Ɗayan kuma shunin marina: shuɗi 6, ja 1, baƙi rabin ma'auni. Layi biyu na wannan jan bisa ruwan madara sun fi kala bakwai da aka cakuɗa kyau nesa ba kusa ba.

Baƙi shi ne mai ɓata haɗi. Ɗigonsa a rawaya ba ya ba da rawaya mai duhu, wani kore-kore marar daɗin gani yake bayarwa. In kala ta yi ƙarfi ana son kwantar da ita, a ɗiga mata kishiyarta: kore a ja, ruwan goro a shuɗi. Shunayya ma takan ba mutane haushi, a haɗa ja da shuɗi a ga ruwan hanta. Jan da aka fi sayarwa yana da rawaya a jikinsa, kuma ja da rawaya da shuɗi in suka taru ruwan ƙasa suke haifarwa. Mai son shunayya tsantsa ya nemi jan da ya karkata ga ruwan hoda, ko ya saye ta a haɗe.

Kada a yarda da kalar da ake gani a gwangwani. Fentin ruwa yana ƙara duhu in ya bushe. A roƙi tsingaro wajen mai tukwane, a yi masa farin shafi, a gwada haɗin a kai, a jira minti 20, sannan a kai shi inda tukunyar za ta zauna a duba shi da safe da kuma la'asar.

Inda za ta zauna ɗin ma shi ke zaɓar kala. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma baƙar tukunya ko mai shuni a tsakar gida tana ɗaukar zafin da ko tafin hannu ba ya jurewa, balle saiwar da ke manne da bangonta. Ganye ya yi yaushi, a yi ta ƙara ruwa, shuka ta mutu ba a gane dalili ba. Tukunyar rana ta zama fara, ruwan madara ko ruwan hoda, kala mai duhu ta tsaya a ado. Masu duhu duka a bar su ga baranda da zaure.

A yi shafi a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar. A rana tsaka saman fenti ke bushewa ya rufe ɗanye a ƙasa, ya tattare. Shafi 2 ko 3 marasa kauri, awa 3 tsakaninsu, a kife tukunyar kan gwangwani don a samu juya ta. Da hunturu a kifa mata kwali da an gama kowane shafi, in ba haka ba ƙura za ta manne ta yi kaushi kamar sanfefa. Ƙasan gindi da ramin ruwa ba a yi musu fenti.

Don layi ya miƙe, a zagaya tukunyar da kyauron roba a bi gefensa. Mai son dagi ya zana shi a takarda, ya huhhuda layin da allura, ya manna a jikin tukunyar ya bubbuga garin alli, sai alamar ta fito ɗigo-ɗigo ya bi ta da ƙaramin buroshi. Salatif sai fentin ƙasa ya kwana ake manna shi, kuma a cire tun na sama bai gama bushewa ba.

Bayan kwana 2 a rufe da banish na ruwa, shafi 2. Na mai yana mayar da fari rawaya-rawaya. A jira mako guda kafin a zuba ƙasa. A ɗora tukunyar kan duwatsu uku kamar murhu don kada ta riƙa tsotsar ruwan daɓe. Kuma tunda ta daina gumi, ƙasarta za ta fi daɗewa da danshi, don haka a rage ban-ruwa, musamman ga alobera da furen karya masu saurin ruɓewa: a tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in ya fito da danshi a bari sai gobe.