Yadda ake gane jinsin karen farauta da asalinsa daga ƙirar jikinsa

Karnukan da ƙungiyoyin rajistar karnuka suke tarawa a rukunin masu bin dabba ba dangin juna ba ne na kusa, domin a cikinsu akwai mai tsayin da ya kai ƙugun mutum, akwai kuma wanda cikinsa yake kusan shafar ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne aiki: su nemo dabba da kansu, su bi ta har su cim mata ko su tsare ta, saɓanin karnukan da suke jiran maharbi ya harbo tsuntsu sannan su ɗauko masa. Saboda haka hanyar da ta fi sauƙi wajen gane jinsin irin wannan kare ita ce a fara da jikinsa, jikin ya nuna aikin da aka ƙera shi dominsa, aikin kuma ya nuna ƙasar da ya fito da halin da za a tarar da shi.

Mataki na farko shi ne ka tantance ko karen da ido yake farauta ko da hanci. Ka kai shi fili mai faɗi da igiya a wuyansa, ka tsaya ka zuba masa ido. Mai farauta da ido yana ɗaga kai ne yana duban nesa, kuma da zarar wani abu ya gilma, ko da leda ce iska ta kwaso, sai jikinsa ya ɗaure, kunnuwansa su motsa, ya yunƙura. Mai farauta da hanci kuwa kansa a ƙasa yake, yana sansanar ciyawa yana kai da komo, jelarsa a miƙe tana kaɗawa, kuma zomo zai iya wucewa ta gabansa bai kula ba sai ya iso inda sawun yake. Hukumar karnuka ta duniya da ake kira FCI, wadda aka kafa a 1911 kuma hedikwatarta take Beljiyam, a kan wannan bambanci ta raba su: masu hanci a rukuni na 6, masu ido a rukuni na 10.

Idan ka tabbatar mai ido ne, sai ka tsaya a gefensa ka dubi tsarin jikinsa daga kai zuwa jela. Kan siriri ne mai tsawo, idanuwan sun ɗan karkata gefe domin ya ga fili sosai, ƙirjin yana da zurfi saboda girman zuciya da huhu, cikin kuma ya ɗage sama sosai wajen mara. Bayan yana da ɗan lanƙwasa a kwankwaso, kuma wannan lanƙwasar ce sirrin gudunsa, domin a kowane zagaye na gudu sau biyu ƙafafuwansa huɗu suke barin ƙasa, sau ɗaya idan ya dunƙule, sau ɗaya idan ya miƙe. Da haka Greyhound na Ingila yake kaiwa kimanin kilomita 70 a awa. Kada ganin haƙarƙarinsa ya ruɗe ka ka ɗauka yunwa ce, domin ƙarancin kitse halittarsu ce, kuma mutane da yawa suna cutar da irin waɗannan karnuka da ɗura musu abinci don su yi ƙiba.

Daga nan gashi da girma ne za su kai ka ƙasar asali. Gajeren gashi mai laushi a jikin kare doguwar ƙafa, wanda tsayinsa ya fi tsawon gangar jikinsa, alama ce ta Azawakh, karen Buzaye da maƙwabtansu makiyaya a yankin Sahel na Mali da Nijar da Burkina Faso, wanda yake farautar barewa da zomo kuma yake gadin zango. Sloughi na Arewacin Afirka yana kama da shi, amma ya fi shi cika. Idan jikin sumul ne amma kunnuwa da jela suna da dogon gashi mai santsi, to Saluki ne na Gabas ta Tsakiya, wanda Larabawan ƙauye suka daɗe suna farauta da shi, wani lokaci tare da shaho, kuma ya fi Greyhound juriya a doguwar tafiya. Gashi mai yawa da ya lulluɓe jiki duka na karen Afganistan ne, rigar da sanyin duwatsu ya wajabta. Borzoi na Rasha, mai dogon gashi mai lanƙwasa, sarakunan gargajiya ne suke sakin sa biyu-biyu ko uku-uku a kan kyarkeci, kuma yawansa ya ragu ƙwarai bayan juyin juya halin 1917. Mai kaushin gashi da tsayin da namijinsa ba ya gaza santimita 79 shi ne Wolfhound na Ayilan. Ƙarami a cikin waɗannan, Whippet, ma'aikatan haƙar kwal na arewacin Ingila ne suka yaɗa shi a ƙarni na 19 domin tsere da kamun zomo.

Idan kuwa mai hanci ne, kunne za ka fara dubawa. Kunnuwan dogaye ne masu reto, leɓɓan sun zubo, fatar wuya ta saki, ƙasusuwan kuma masu kauri ne, domin aikinsa tafiyar yini ce ba gudun minti biyu ba. Wanda waɗannan siffofi suka fi bayyana a jikinsa shi ne Bloodhound, wanda ake danganta asalinsa da karnukan da malaman gidan ibada na Saint Hubert suka yi kiwo a dajin Ardennes na Beljiyam. Yana iya bin sawun mutum guda bayan kwanaki, har wasu kotunan Amurka suna karɓar abin da ya gano a matsayin hujja. Beagle, mai tsayin santimita 33 zuwa 40, a Ingila aka daidaita shi domin farautar zomo a garke, mutane suna biye da shi a ƙasa, kuma farin da yake kan jelarsa yana taimaka wa mafarauci ya hango shi a cikin ciyawa. Foxhound ya fi shi tsayi da sauri domin masu dawaki ne suke bin sa a farautar yanyawa, sana'ar da dokar 2004 ta hana a Ingila da Wales. Basset na Faransa jikin babban kare ne a kan gajerun ƙafafu, an kuma zaɓi gajartar ne da gangan domin mai tafiya a ƙasa ya iya cim masa.

Ka saurari muryarsa kuma. Masu ido yawanci shiru suke farauta, amma masu hanci suna da wani dogon kuka mai zurfi wanda ya bambanta da haushi, da shi suke sanar da mafarauci inda suke idan kurmi ya ɓoye su. Karnukan Coonhound na Amurka, masu farautar rakun (wata ƙaramar dabbar daji mai hawan bishiya) da dare, suna sauya kukan idan dabbar ta hau bishiya, mai su kuma daga nesa yake gane cewa an tsare ta.

Akwai waɗanda ba su shiga ko ɗaya daga cikin rukunonin nan biyu sosai ba, kuma a nan ne ƙungiyoyin rajista suke saɓa wa juna. Dachshund na Jamus, mai dogon baya da gajerun ƙafafu, an yi shi ne domin shiga rami ya fuskanci dagen Turai. Amurka da Ingila suna lissafa shi da masu bin dabba, FCI kuwa ta ware masa rukuni na 4 shi kaɗai. Basenji na yankin Kwango ba ya haushi irin na sauran karnuka sai wata guɗa mai karkarwa, kunnuwansa a tsaye, jelarsa a naɗe, macensa kuma yawanci sau ɗaya take neman barbara a shekara. Ridgeback na kudancin Afirka ana gane shi da layin gashin da ya juya baya a gadon bayansa, wanda ya gada daga karnukan Khoikhoi, 'yan asalin yankin, kuma a birnin Bulawayo na Zimbabwe ta yau aka rubuta ƙa'idar siffarsa a 1922.

Mataki na gaba shi ne ka yi taka-tsantsan da labarin asalin da za a ba ka. Gaskiya ne zane-zanen kaburburan tsohuwar Masar suna nuna siraran karnuka masu tsayayyun kunnuwa, amma kama a ido ba ta tabbatar da jini. Karen da ake kira na Fir'auna daga tsibirin Malta ya fito, kuma binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2004 bai sa shi cikin tsofaffin jinsuna ba, alhali ya sa Saluki da karen Afganistan da Basenji. Shi ma Wolfhound na yau, Kyaftin George Graham ne ya farfaɗo da shi a ƙarni na 19 ta hanyar haɗa ragowar jinsin da wasu manyan karnuka, bayan kyarkeci ya ƙare a Ayilan. A ganina, duk tarihin da aka ce ya miƙe shekaru dubbai ba yankewa ya cancanci a tambayi hujjarsa. Idan ana son tabbacin jinsin kare guda, takardar nasabarsa daga ƙungiyar rajista ko gwajin ƙwayoyin halitta sun fi kallon ido.

Daga ƙarshe sai ka fassara abin da ka gano zuwa kulawa. Dukkansu an zaɓe su ne domin su yanke shawara nesa da mutum, shi ya sa kira ba ya dawo da su idan sun ga abin bi ko sun kama sawu, kuma ba a kwance musu igiya sai a wuri mai shinge. Mai ido yana buƙatar ɗan gajeren gudu mai ƙarfi, shimfiɗa mai laushi saboda ƙasusuwansa a fili suke, da abin wuya mai faɗi domin siririn kansa yana zamewa daga na yau da kullum; a kuma tuna wa likitan dabbobi jinsinsa kafin tiyata, domin wasu magungunan sa barci suna daɗewa a jikinsa. Mai hanci yana buƙatar doguwar tafiya, a riƙa share masa kunne saboda iska ba ta shiga, a kuma auna masa abinci domin Beagle da Basset ba su san ƙoshi ba. Dachshund a hana shi tsalle daga wuri mai tsayi saboda ciwon ƙashin baya, manya masu zurfin ƙirji irin su Bloodhound da Wolfhound kuwa a raba musu abinci kashi biyu ko uku a yini, domin murɗewar tumbi tana iya kashe su cikin awoyi kaɗan idan ba a kai su asibiti ba.