Yadda za ku kula da wanda aka cire wa kullutun jijiya a wuya

Jama'a wannan kullutu da ke fitowa a gefen wuya, ba zafi ba kaikayi, yana girma a hankali shekara da shekaru, wani lokaci daga rigar jijiya yake tsirowa, likitoci na ce mishi shuwanoma. Yawanci ba ciwon daji ba ne, wato kansa. Don Allah kar a kai wa wanzami ya tsaga ko ya sa kaho, manyan hanyoyin jinin da ke zuwa kwakwalwa a nan suke kwance, akwai ma irin wanda kan hanyar jinin yake zaune. A je asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, wato Gee, bangaren kunne da hanci da makogwaro, su yi hoton sikan.

To an yi tiyata an cire. Kafin a sallame ku ku tare dokta ku tambaye shi wace jijiya abin ya kama, an yanke ta ne ko an bar ta. Duk jinyar gida a kan amsar nan take.

In jijiyar murya da hadiya ce, wadda suke kira begos, murya za ta dishe kuma zai rika kwarewa, musamman da ruwa. Nan aikin yake. Mu kuma mun saba mara lafiya a kwantar da shi a dura mishi ruwa da shayi, to wannan karon a'a. Ya zauna sosai, ya dan sunkuyar da haba, cokali kadan kadan, kuma abu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke saukin wucewa, koko mai kauri da aka tace, tuwon zafi mai laushi da miyar kubewa ko ayoyo. Gari, gyada, kose mai bushi da shito a daga musu kafa tukuna. Ya gama ci ya zauna kamar rabin awa kafin ya kwanta. Masu zuwa dubiya daga Aboabo da Asawase kowa da hirarsa, a rage, kar a sa shi daga murya. Sau da yawa dayan bangaren makogwaron yana rufe gibin da bangaren da ya daina motsi ya bari cikin watanni, in bai yi ba akwai allura ko karamin aiki da ake yi.

Wani kuma, in wata jijiyar daban abin ya kama, fatar ido daya za ta dan sauko, kwayar idon ta kankance, gefen fuskar ya daina zufa. Ciwon Horner kenan, ba iska ba ne ba sammu ba, kuma ba ya makantarwa. Irin wadannan sukan yi fama da wani abu kuma, lomar farko ta tsira musu zafi a gindin kunne kamar an soka allura, sai lomomin baya ya lafa. Abu mai tsami ya fi tayar da shi, lemun tsami, tsamiya, sobolo. A gaya wa dokta, akwai magani, kar ya daina cin abinci don tsoro. In kafada ce ta zube a nemi masu gashin kashi na asibiti da wuri.

Alamomin da ba a jira da su: wuya ya kumbura da sauri, numfashi na kara ko yana kasawa, jini ya ki tsayawa, baki ya karkace farat daya, hannu ko kafa su mutu, magana ta rikice. Ko karfe 2 na dare ne a kira 112, lambar gaggawa ta Ghana, ko a dau tasi zuwa asibiti, ba a tsaya shafa man zafi ba. Zazzabi da tari bayan yawan kwarewa ma kar a ce maleriya ce a wuce kemis, abinci na iya sauka huhu. Mugunya ko wari a dinkin, a koma ranar. Katin inshora da takardar sallama su zauna a leda daya kusa da kofa, kuma a je a karbo sakamakon gwajin kullutun ko da jiki ya yi sauki.