Yadda ake auna maganadisun Co3Sn2S2 da muwon

Co3Sn2S2, haɗin kobalt, kuza da farar wuta, rabin-ƙarfe ne da ke zama maganadisu idan zafinsa ya sauka ƙasa da kelvin 177. Muwon kuwa ƙwayar zarra ce mai juyi (spin) kamar ƙaramin maganadisu: ana harba shi cikin samfur, maganadisun ciki ya sa juyinsa kaɗawa, a gano hakan daga ƙwayar fozitiron da yake saki idan ya ruguje. Kafin komai a zaɓi wurin aiki. Cibiyar bincike ta PSI da ke Suwizalan na sakin muwon ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ya fi dacewa da wannan sinadari. Cibiyar ISIS ta Ingila kuwa gungu-gungu take saki, kuma kaɗawar da ta haura megahaz 10 takan ɓace a can.

A tanadi samfur mai kauri, kusan miligiram 150 a kowace murabba'in santimita. Idan ya yi siriri, muwon zai huda shi ya tsaya a mariƙi, a ɓata lokaci ana auna abin da ba shi ake nema ba. A manna shi kan farantin azurfa tsantsa, domin azurfa ba ta dagula sigina. A kula da inda layin c na kiristal, wato layin da maganadisunsa ke bi, ya fuskanta. Idan ƙarfin maganadisun ciki ya yi layi ɗaya da juyin muwon, ba za a ga kaɗawa ba ko da tsarin maganadisun yana nan.

A fara daga sama, wajen kelvin 200, a sa ɗan maganadisu a gicciye, militesila 3, don daidaita na'urorin da ke ƙirga fozitiron gaba da baya. Duk wanda ya tsallake wannan, lissafinsa zai karkace. Sai a kashe shi, a soke har maganadisun duniya, a riƙa sanyaya samfurin mataki-mataki. Muwon na rayuwa maikurodaƙiƙa 2.2 ne kacal, don haka kowane mataki na buƙatar miliyoyin ƙirge.

Kaɗawa a sigina na nufin tsari ya kafu. A raba saurinta da megahaz 135.5, a samu ƙarfin maganadisun a tesila. Idan sigina ta dusashe ba kaɗawa, a sa maganadisu a layin juyin muwon: in ta farfaɗo, maganadisun ciki a tsaye yake, in ta ƙi, yana motsi.

Tsakanin kelvin 90 da 177 ne ake buƙatar haƙuri. Awon PSI ya nuna sigina ta biyu a nan, aka fassara ta da tsarin da juyi ke kishiyantar juna, amma awon da aka yi da ƙwayar niyutiron bai ga haka ba. Kada a yanke hukunci da muwon kaɗai. A lissafa inda yake zama a cikin kiristal da DFT, wata hanyar lissafi ta kwamfuta, a kuma maimaita awon a hawa da saukar zafi, domin iyakokin yankunan maganadisu na iya haifar da irin wannan sigina.