Yadda za ki taimaki yaro mai otizim ya fito da basirarsa

Abu na farko, ki daina jiran ya yi wasa irin na sauran yara. Yaro mai otizim, wato galahanga, zai iya wuni yana jera murafan lemo, jajaye gefe guda korraye gefe guda, in aka gusar da ɗaya ya fashe da kuka, mu manya kuma sai mu ce wannan ai ba wasa ba ne a kwashe. Dan Allah kar ki kwashe. Ki zauna gefensa ki jera naki, kar ki gyara masa nashi. In ya saba da zamanki sai ki ƙaro abu ɗaya tak, kaman kwali da gam ya manna su, ko zare ya shirya su.

Duk abin da ya shiga ransa ta nan za ki bi. In mota ce toh komai ya zama mota, zanen mota, motar gwangwanin madara mai tayar silifas, har lissafi da motoci za a yi. Mutane za su ce ki raba shi da abin ya yi yawa, ni gaskiya ban yarda ba. Temple Grandin ta Amurka, wadda ita ma mai otizim ce, shanu ne suka shiga ranta, ita da kanta ta ce da hotuna take tunani ba da kalmomi ba, sai ta riƙa shiga hanyar da ake koro shanu tana duba me ke firgita su, inuwa ce ko sarƙa mai lilo, daga nan ta tsara hanya mai lanƙwasa da shanu ke bi ba tirjiya, kuma ta zama farfesa a jami'ar jihar Kolorado.

Sai yadda kike tambayarsa, nan ne ake yawan kuskure. "Zana duk abin da kake so" ta yi masa faɗi, tsayawa kawai zai yi yana kallon takarda. Ki ce "zana min ƙofar gidanmu", ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana. A 2015 masu bincike a jami'o'in Stirling da East Anglia a Birtaniya sun tambayi mutane amfani nawa za a iya yi da bulo, masu alamomin otizim da yawa amsoshinsu ba yawa, amma irin waɗanda ba kowa ke kawowa ba ne. Saboda haka in ya kawo abu ɗaya bayan dogon shiru kar ki ce ya ƙaro, ki tsaya ki duba wannan ɗin da kyau.

Wurin ma ki gyara. Ƙarar janareto da talabijin da hayaniyar tsakar gida suna cika masa kai. Wani ba ya son danƙon fenti ko yumɓu a hannunsa sam, toh a ba shi biro ko alli ko gawayi, ko manhajar zane a waya. Ki tsayar da lokaci guda kullum, misali bayan la'asar, kuma ki sanar da shi saura minti biyar kafin a tashi. In yana kaɗa hannu ko jijjiga jiki ki ƙyale shi, da haka yake samun natsuwa.

Rashin magana ba ya hana komai fa. Stephen Wiltshire na Landan, mai zane mai otizim, sai da ya kai shekara 5 kafin ya fara magana, yau a jirgi mai saukar ungulu ake zagayawa da shi gari ya sauko ya zana shi da ka. A nan gida ma Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, shi ma mai otizim, yana ɗan shekara 15 ya shiga kundin bajinta na Guinness da zanen kan ƙyalle mafi girma a duniya, aka baje shi a Eagle Square Abuja ranar 2 ga Afrilu 2025. Amma wallahi kar ki ɗora wa naki wannan nauyin, yawancin yaran ba za su shiga wani kundi ba, kuma zane ba ya maye gurbin ganin likita da mai koyar da magana. Ki samu fayil ki riƙa adana abin da ya yi da kwanan wata a baya, ranar asibiti ko ganin malaminsa ki tafi da shi su gani.