Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Bitar Ayyukan da Suka Gabata a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Kuskuren da ya fi yawa a babin bita na kundin binciken ɗalibi shi ne jera masana ɗaya bayan ɗaya, wane ya ce kaza, wance ta gano kaza, har shafuka su cika ba a ji hukuncin ɗalibin kansa ba. Gyaran shi ne a tsara babin bisa tambayoyi maimakon sunayen marubuta. Idan batun ɗalibi damuwa ce a tsakanin matasa, sai ya tara ayyukan da suka amsa tambaya ɗaya a wuri guda, ya nuna inda suka dace da inda suka saɓa, sannan ya binciko dalilin saɓanin, ko yawan mutanen da aka nazarta ne ya bambanta, ko kuwa ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Wanda ya fi damuna kuwa shi ne kafa hujja da aikin da ɗalibi bai karanta ba, ya dogara da abin da littafin aji ya taƙaita. Shekaru da dama littattafai suna maimaita cewa mutum 38 ne suka zuba ido ana kashe Kitty Genovese a birnin New York a 1964 ba wanda ya kai ɗauki, har sai da masana uku, Manning da Levine da Collins, suka koma ga bayanan shari'ar a 2007, suka nuna cewa hujjojin ba su tabbatar da labarin yadda ake ba da shi ba. Saboda haka a nemo maƙalar asali a rumbunan maƙalu na intanet irin su PsycINFO ko Google Scholar, a karanta sashen hanyar bincike da na sakamako da natsuwa. Idan ba a samu ba, tsarin kawo madogara na APA (Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka) ya tanadi yadda za a bayyana cewa ta bakin wani aka ji.

Akwai kuma ɗaukar duk abin da aka buga a mujalla tamkar an gama magana a kansa. A 2015 wata tawagar masana ta sake gudanar da bincike 100 da aka riga aka wallafa, kuma kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi a lissafi. Kafin ɗalibi ya jingina aikinsa da wani sanannen gwaji, wajibi ne ya duba ko an maimaita shi, da abin da maimaicin ya nuna.

Haka nan kada a rubuta cewa abu ya haddasa wani abu alhali binciken ya nuna suna tafiya tare ne kawai.

A kuma tambayi su waye aka nazarta. Henrich da abokan aikinsa sun ja hankali a 2010 cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Ɗalibin da ya lura da wannan a ayyukan da yake bita sau da yawa a nan zai tarar da giɓin da nasa binciken zai cike, kuma da bayanin wannan giɓi ya kamata ya rufe babin.