Kafin ka sayi fom ɗin komawa makaranta don zama malami

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, kuma tambayar da matasa da matan aure suka fi kawo mini ita ce, "Malam, in koma in yi NCE ko in haƙura?" Amsata ɗaya ce kullum: kada ka biya kuɗin fom sai ka fara tsayawa a gaban aji.

Yin hakan ba wuya. Je wajen hedimastan firamaren unguwarku ka ce kana son taimakawa kyauta na zango ɗaya. Da wuya ya ƙi, don malamai ba sa isa. Roƙi a ba ka aji uku ko huɗu. A nan za ka ga aikin da idonka: aji ya cika maƙil, wasu yaran na zaune a ƙasa, wani ya fito bai karya ba, wani yana aji huɗu amma bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Za ka yi bayani, ka maimaita, ka sake salo, muryarka ta dushe tun kafin a fita tara. Ka lura da zuciyarka ranar da yarinyar nan mai zama can baya ta karanta jimla ita kaɗai. In ka koma gida kana ba da labarinta, to akwai malanta a jikinka. In kuwa kullum agogo kake dubawa, ka gode wa Allah da ka gane tun kafin ka kashe shekara uku da kuɗin da ba ka da su.

In ka tsallake wannan, sai ka dubi takardar da ke hannunka, domin ita ce za ta zaɓar maka hanya. Mai shaidar gama sakandare, NCE ce ƙofarsa. Ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa da aka amince da ita a Najeriya, shekara uku ce a kwalejin ilimi, kuma ta JAMB ake shiga. Wanda ke da NCE yana iya neman digirin ilimi ya fara daga aji biyu na jami'a. Mai digiri ko HND a wani fanni kuwa, kada wani ya ruɗe shi ya koma baya. PGDE ce tasa, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kusan shekara guda, ya fito cikakken malami.

Ke uwar 'ya'ya, da kai mai shago ko mai aikin ofis, ku duba Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. Tun 1976 aka kafa ta domin irinku. Tana da cibiyoyin karatu a jihohi, ana ba da littattafai a karanta a gida, a haɗu da malamai a ƙarshen mako. Amma akwai abin da mutane ke mantawa da shi, wato koyarwar gwaji da ɗalibai ke kira TP. Ita ba a yin ta ranar Asabar. Makonni ne a jere za ka riƙa zuwa makaranta da safe, mai duba aiki yana iya faɗo maka kowace rana ya nemi shirin darasinka. Tun yanzu ki san wa zai riƙe miki yara, ka san wa zai zauna maka a shago. A zauna da maigida ko uwargida a yi wannan maganar kafin rajista, kada a bari sai an yi nisa.

Ka kuma yi hattara da cibiyoyin bayan gari masu alkawarin NCE cikin sauƙi. Tabbatar hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta amince da kwalejin, in ba haka ba takardar ba za ta kai ka ko'ina ba. Bayan gamawa akwai jarrabawa da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta kafa, sai ka sa kuɗinta cikin lissafi.

Maganar kuɗi ita ce nake so ka ji da kyau. Mai NCE yakan fara aikin gwamnati a matakin albashi na 7, mai digiri a na 8. Takarda ba aiki ba ce: jihohi ba kowace shekara suke ɗaukar malamai ba, kuma makarantun kuɗi da yawa ba sa biyan ko naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024. Nemi malamin da ke aiki a ƙaramar hukumarku ka tambaye shi nawa ke shigowa hannunsa, kuma ranar nawa ga wata. In kana da sana'a, kada ka sake ta. Zaɓin darasi ma yana da tasiri, domin a wajenmu malaman lissafi, Turanci da kimiyya ake nema ruwa a jallo. Sannan ka yi karatun da gaske. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da 21,000 suka faɗi, aka sallame su, alhali da yawansu suna da takarda.

Masu cewa shekarunsu sun ja, dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 na aiki, don haka ɗan shekara 35 yana da sauran dogon zango. Sai dai ba duk jihohi ke aiki da ita ba, kuma sanarwar ɗaukar aiki takan zo da iyakar shekaru. Leƙa ofishin SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiharku, ka tambayi waɗannan biyun kafin ka yanke shawara.