Yadda ake haɗa ɗanyen mangwaro mai zaƙi da yaji a kwalba

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, mangwaro ke cika kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano. A lokacin ne ya kamata uwargida ta yi wannan haɗin, wanda mutanen Gujarat a ƙasar Indiya ke kira chundo. Sirrinsa ɗaya ne: sukari ne ke tsare shi daga lalacewa, ruwa kuma shi ne babban maƙiyinsa.

Ki zaɓi ɗanyen mangwaro mai tauri, wanda in kika danna da yatsa ba ya lotsawa, cikinsa fari ko ya ɗan fara rawaya, mai tsami sosai. Wanda ya fara nuna narkewa yake yi a wuta ya koma kamar kunu, mai zare da yawa kuma ba ya goguwa da kyau. Ki jiƙa shi a ruwa na awa 1 don ƙaron bakin hancinsa ya fita, saboda yana sa ƙaiƙayi a leɓe. Sannan ki goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe ƙarau, ki fere, ki goga a magogi ta ɓangaren manyan huji.

Ga kilo 1 na gogaggen mangwaro, ki tanadi sukari kilo 1, gishiri cokalin shayi 2, kurkur rabin cokali, dakakken barkono cokali 2, kanumfari guda 5, da ɗan guntun kirfa. Mai son ƙamshin mazarƙwaila za ta iya yin rabi sukari rabi mazarƙwaila, amma ta narka ta da ɗan ruwa kaɗan ta tace tukuna, don ba a rasa ta da tsakuwa. Kada ki rage sukarin don tsimi, haɗin ba zai daɗe ba.

Ki cuɗa mangwaron da gishiri da kurkur, ki bar shi awa 2 ya tsatso ruwansa. Ki zuba sukarin ki juya, ki rufe ya kwana. Da safe za ki tarar sukarin ya narke, ba sai kin ƙara ruwa ko ɗigo ba.

Ki juye a tukunyar ƙarfe marar tsatsa. Tukunyar dalma ba ta dace ba, tsamin yana cin ta, ya ɓata launi da ɗanɗano. Ki saka kanumfari da kirfa, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya, kamar minti 20 zuwa 30. Nan ne wurin da ake faɗuwa. Ki ɗiga ruwan a faranti, ya ɗan huce, ki taɓa tsakanin babban yatsa da manuni ki buɗe a hankali. In zare ɗaya siriri ya miƙe, ya yi, ki sauke nan take. In bai yi zare ba akwai sauran ruwa, zai yi kumfa ya yi tsami a kwalba. In kuma kika bari ya wuce, zai daskare kamar alewa idan ya huce. Maganinsa ki ƙara tafasasshen ruwa cokali 3 ko 4 ki mayar wuta na ɗan lokaci. Barkono sai bayan an sauke, don a wuta yana ƙonewa ya yi ɗaci.

Zafin Kano na watan Afrilu ya isa ya yi wannan aikin ba tare da wuta ba. A zuba haɗin a faffaɗan mazubi, a ɗaure bakinsa da farin yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda, a ajiye a rana a riƙa juyawa kullum, a shigar da shi ɗaki da yamma. Yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10. A ɗora mazubin cikin faranti mai ruwa, in ba haka ba tururuwa za ta riga ki.

Kwalbar gilashi za ki dafa a ruwa minti 10, ta bushe sarai, sannan ki zuba bayan ya huce. Kullum da busasshen cokali za a ɗiba, kuma in kika ga fumfuna a sama ki zubar da shi. Yana tafiya da gurasa, da burodi, da shinkafa da wake, har da gasasshen nama.